Tsokaci: Ina Sunan Mai Hura Gilashi?

'Yan'uwa marubuta, akwai gyara a yadda ake rubuta tarihin J. J. Thomson, masanin fiziks na Jami'ar Kambirij a Ingila. Ana yabonsa da gano ilaktaron a 1897, da kuma raba ƙwayoyin iskar niyon masu cajin lantarki gida biyu, masu nauyin 20 da 22. Ba mu musa ba. To amma wa ya hura bututun gilashin gwajin? Ebenezer Everett ne. Aikin niyon kuwa, da hannun Francis Aston a ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk marubucin da ya ɓoye waɗannan, ya ci haƙƙinsu, ya kuma sa ɗalibanmu zaton bincike aikin waliyyai ne.