Bulokcen ba ya ganin tsakuwa a buhun masara

Wataƙila ka ci karo da wannan iƙirarin: wai nan gaba manhajojin ƙirƙirarriyar basira za su riƙa ciniki a tsakaninsu ba tare da sa hannun mutum ba, kuma bulokcen ne zai zame musu alƙali. Bulokcen kundi ne da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa, shi ya sa goge abin da aka shigar ke da matuƙar wuya. Najeriya ma ta amince da manufar ƙasa kan fasahar a Mayun 2023. Adana bayani kam ya iya. Alƙalancin ne muke da ja a kai.

A ce ɗan kasuwa a Damba, nan Gusau, ya sa manhajoji uku aiki. Ɗaya ta sayi masara a kasuwar Tsafe, ɗaya ta nemo mota, ta uku ta saki kuɗi da zarar kundin ya nuna buhu ɗari sun isa sito a Bunguɗu. To wa ya faɗa wa kundin sun isa? Mutum ne ko sikeli. In masarar jiƙaƙƙiya ce, ko an zuba tsakuwa a gindin buhu, haka zai rubuta "buhu ɗari", ya adana ƙaryar da kyau. A kasuwa ka san dillalin da za ka riƙe, akwai kuma sarkin kasuwa. A nan fa? Kowace manhaja ta bi umarninta daidai, kuɗinka kuwa sun tafi.

Su kansu masu fasahar sun ɗanɗana. A Yunin 2016 wani ya bi ta wata kafa a tsarin The DAO, asusun da aka ce dokokin kwamfuta kaɗai ke tafiyar da shi, ya kwashe kusan Ether miliyan 3.6. Mutane ne suka yi ta muhawara, a Yuli suka sauya kundin Ethereum don a mayar da kuɗin. Waɗanda suka ƙi yarda suka ware da nasu kundin, Ethereum Classic.

Sannan kar ka manta da Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni ba sabis. Da manhajojin nan na tsaka da ciniki, za su ci gaba da aiki a kwamfutocin da ke wata ƙasa, mai masarar na Damba ba shi da hanyar ce musu su dakata.