Gemu Ba Ya Hana Makirufo: Nazari Kan Koyon Aikin Rediyo a Hannun Gwani

Ƙasar da ta tashi daga Ungogo da Minjibir, ta ratsa Dawakin Tofa da Bichi, ta dangana da Dambatta da Makoɗa da Kunchi, ƙasa ce da gona ke jingine da gona. Babu saura, babu dajin da za a sara idan wannan ta gaji. Tun a shekarun 1960 masanin nan Michael Mortimore ya yi rubutu kan yadda manoman kewayen Kano ke noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, suna riƙe shi da takin gida da tokar murhu da sharar birni. Mai ƙaramar gona irin wannan ba shi da sararin yin kuskure, domin shawara ɗaya marar kan gado kan lokacin shuka ko zuba taki tana iya cinye masa abincin wata uku. Shi ya sa rediyon da ke rataye a reshen darbejiya lokacin firi yake da nauyi. Sai dai muryar da ke fitowa daga cikinsa kusan kullum ta birni ce. Dokar 1992 da ta kafa hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu, Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, wasu suka biyo baya da yawa, amma yawancin ɗakunan watsa shirye-shiryensu suna cikin birni da kewayensa, masu magana a ciki kuma galibi matasa ne da suka fito daga Jami'ar Bayero ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha.

Matasan nan sun iya aikinsu, ba a raina su. Abin da suka rasa shi ne abin da ba a bayarwa a aji, wato shekara ashirin ta zama da manomi, da sanin inda yake yi wa jami'i kara ya ce "to" alhali ba zai aikata ba. Wannan sani yana nan jibge a hannun wasu mutane da suka haura arba'in: malamin gona da ya gaji da jiran man babur, malamin firamare da ke hangen ritaya, ma'aikaciyar asibitin ƙauye, dillalin hatsi da ya san kasuwar Dawanau ciki da bai. Ra'ayina shi ne waɗannan su ne ma'aikatan da rediyon karkara ya fi buƙata, kuma hanyar da ta dace da su ita ce koyo a hannun gwani, cikin gidan rediyo, ana aiki ana gyara. Mai mata biyu da 'ya'ya tara ba zai koma aji na shekara huɗu ba, kuma ba ya bukata. Amma koyon a hannu yadda ake yinsa yanzu yana da ɓaraka, kuma idan ba a ɗinke ta ba, zai ci mutuncin dattijon ya kuma cuci mai sauraro.

A fara da abin da ake koya ɗin. Sabon shiga yakan zaci murya ce jari, sai ya tarar agogo ne ubangidan kowa. Gwani zai ba shi minti uku, ya kawo rubutun da zai ci takwas, a mayar masa ya rage, ya sake kawowa a sake mayarwa, har ya gane cewa mai sauraro ba ya iya komawa baya ya sake jin jimlar da ta wuce shi. Zai koyi ajiye bakinsa kamar taƙi ɗaya daga makirufo, ya ɗan karkace don kada iskar baki ta buga. Zai koyi juya takarda ba a ji ƙararta ba, da kallon hannun mai kula da na'ura ta bayan gilashi. Idan aka tura shi kasuwar Dambatta ɗaukar murya, zai dawo karon farko da kukan awaki da hon ɗin babur, maganar mai wake kuwa ta nutse a ciki. Karo na biyu ya san ya ja mutumin bayan rumfa, ya juya wa iska baya. Malamin makaranta yana da nasa ciwon na musamman, domin ya saba shi ke magana aji na saurare, don haka tambayarsa takan fi amsar baƙonsa tsawo. Duk waɗannan a kunne ake gyara su. A kunna masa abin da ya ɗauka, a tsayar, a ce "ji nan", ya ji da kansa. Littafi ba ya yin wannan, kuma mai hankali yana kama yawancinsu cikin 'yan watanni.

Abin da ya zo da shi daga gida kuwa ba a kama shi cikin watanni. Ɗauki hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara. Matashin ɗan jarida zai karanta ranar da ake sa ran saukar ruwa da adadin milimita, ya wuce labari na gaba, kuma bai yi laifi ba. Tsohon malamin gona da ya yi aiki a shiyyar Dambatta ta hukumar aikin gona ta KNARDA ya san tambayar da ke cin manomi a wannan lokaci: ya yi binne ko ya jira ruwa ya kama ƙasa? Idan aka ce za a sami tsaikon ruwa bayan shuka, gero ne zai jure ko dawa? Ya san cewa shawarar zuba buhu kaza a kadada ba ta da amfani ga wanda kuɗinsa na tiya biyu ne, don haka zai tambayi masanin da aka gayyato yadda za a raba ɗan abin da ake da shi gindi-gindi. Ya san ƙuduji ya fi addabar gonar da ta gaji, ya san wake na shiga tsakanin kunyoyin gero, ya san harawa kuɗi ce a wurin mai tumaki, saboda haka irin waken da ya ba da ƙwaya ya hana ganye ba lallai ya karɓu ba ko da masu bincike na gonar cibiyar IITA da ke Minjibir sun yaba shi. Tsutsar da ta shigo Najeriya a 2016 ta far wa masara ta nuna yadda ake bukatar mai fassara tsakanin masani da manomi cikin gaggawa. Kuma akwai abin da ya fi wannan: idan manomi ya ji tambayar da ke ransa ta fito daga bakin mai gabatarwa, yakan yarda da sauran shirin.

Tsarin koyo a hannun gwani ma ba baƙo ba ne. Lokacin da aka kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna a 1962, babu jami'ar da ke koyar da aikin jarida a duk faɗin Arewa. Mutanen da suka gina Hausar rediyo da muke tinƙaho da ita sun fito ne daga wasu ayyuka, da yawansu daga koyarwa, suka koya a bakin aiki, wasu aka ƙara musu da gajeren kwas a makarantar horarwa ta Legas ko a BBC, wadda ta buɗe sashen Hausa a 1957. A Kanada, George Atkins manomi ne kafin ya zama mai shirin manoma a rediyon ƙasar, kuma shi ya kafa ƙungiyar da yau ake kira Farm Radio International a 1979. A Nijar, rediyoyin karkara da suka bazu tun daga ƙarshen shekarun 1990 mutanen gari ne ke riƙe da su, da ɗan horo kaɗan. Takardar digiri ce ta zo daga baya ta zama ƙa'ida, har aka manta da ƙofar da magabata suka shigo ta ciki.

Masu suka za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: harshen ɗan hamsin ya riga ya sandare, kuma kwamfutar da ake tace murya da ita za ta gagare shi. Wannan suka ba ta da ƙarfi sosai. Wanda ke tura saƙon murya a WhatsApp kullum ya riga ya yi rabin hanya, kuma babu dokar da ta ce mai gabatarwa ne zai tace shirinsa da kansa. Batun harshe kuwa, Hausar Bichi ba ta bukatar gyara don a ji ta a Bichi.

Sukar da ke da nauyi ita ce ta amana. Makirufo yana shiga gida dubbai a lokaci guda, kuma Kano ta ga abin da magana ke jawowa. A watan Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafin shan-inna tara a birnin, kwanaki kaɗan bayan haka aka kama wasu ma'aikatan wata tasha mai zaman kanta aka gurfanar da su kan wani shiri da ya taɓo rigakafin. Ko mene ne ra'ayin mutum kan wannan kamu, darasin da masu tashoshi suka ɗauka shi ne kalma ɗaya na iya rufe gida. To, a aji ana koyar da dokar ɓata suna da kundin ƙa'idojin NBC da wajibcin jin ɓangare biyu. A hannun gwani fa, wa ya tabbatar za a koyar? Yaro yana gadon halin ubangidansa ne duka, mai kyau da marar kyau. Idan ubangidan mai karɓar na goro ne kafin ya sa murya, ko mai sayar da fili ga sojojin baka da masu maganin da ke warkar da cuta arba'in, abin da almajirin zai ɗauka a matsayin sana'a ke nan. Dattijo kuma yana da nasa haɗarin, don ya zo da dangi da surukai da jam'iyya da rigimar iyakar gona, kuma ya saba a yarda da maganarsa ba a nemi hujja ba. Na yarda da wannan suka kusan gaba ɗaya. Inda na rabu da ita shi ne maganin da take bayarwa, wato a rufe ƙofa sai mai digiri. Masu digiri ma sun yi ɓarna a iska. Abin da ke tsare tasha shi ne edita da ke sauraron shiri kafin ya fita. Don haka almajiri, komai furfurarsa, kada a ba shi shirin kai-tsaye da buɗe layin waya sai ya daɗe yana kawo naɗaɗɗen aiki ana tacewa, kuma a zaunar da shi a karanta masa kundin NBC da Hausa, babi-babi.

Sai batun kuɗi, wanda masu zuga mutane su bi burinsu ba sa son taɓawa. Aikin rediyo a tashoshin jiha ba ya sa a yi arziki, kuma da yawan masu shirye-shirye su ke neman mai ɗaukar nauyi su biya kuɗin fili. Wanda ya sayar da gonar gado ko ya zuba kuɗin sallamarsa don sayen rabin sa'a a mako ya yi wauta. Sauyin sana'ar da ke da ma'ana a nan a hankali ake yinsa: rahoton farashin kasuwa sau ɗaya a mako, sannan wakilcin ƙaramar hukuma, sannan shiri, gona kuma tana nan ana nomawa. Wannan ma ya amsa ƙorafin cewa tsofaffi za su tare wa matasa gurbi, domin babu matashin da ke rububin zama wakili a Kunchi. Gurbin a buɗe yake, ba kowa. Ya fi zama fanko ta ɓangaren mata: matan aure da ke sarrafa gyaɗa su yi ƙuli da mai a cikin gida, su yi kiwo, su yi adashi, namiji baƙo ba ya shiga ya ji ta bakinsu, amma ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa da sallama kawai za ta shiga.

Abin da ya fi wuya shi ne zaman koyon da kansa. A ƙira ko dukanci, ubangida ya girmi yaronsa, yaron ya yi hidima, ranar da ya ƙware a yaye shi a sa masa albarka ya buɗe tasa rumfar. A gidan rediyo an ɗauki hidimar an bar yayen. Mutum sai ya shekara uku yana "koyon aiki" ba albashi, ba takarda, ba ranar gamawa, yana riƙe wa oga jaka. Saurayi na iya shanye wannan, magidanci ba zai iya ba, kuma bai kamata a nema daga gare shi ba. Ga shi kuma shekarun sun juye, ɗan talatin ne zai ce wa sa'an mahaifinsa, "Baba, a sake ɗauka, an yi tsawo." Kunya na iya hana yaron faɗa, girman kai na iya hana babban ji, sai a yi ta gaisuwa ba a koyi komai ba. Inda abin ke tafiya shi ne inda aka raba fage tun farko: a ɗakin naɗi maganar gwani ce, a kan abin da ya shafi gona da mutanenta maganar dattijo ce, kowa ya san yana karɓa yana bayarwa.

Saboda haka kiran yana kan masu tashoshin Kano da hukumar KNARDA da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta. Su zauna su fitar da tsari mai wa'adi, wata shida ko tara, da gwani guda da aka ɗora wa alhakin kowane almajiri aka kuma biya shi ladan koyarwa, da kuɗin mota ga mai zuwa daga ƙauye, da takardar shaida ranar yaye. A fara ɗiba daga malaman gona da ma'aikatan lafiya da suka kusa ajiye aiki, a fara da rani, domin kafin ruwan shuka ya sauka a sami wanda zai yi wa masani tambayar da manomin Makoɗa ke son a yi.