Faifai Na Biyu Na Neutral Milk Hotel Da Hukuncin Masu Sharhi

A ƙasar Amurka akwai wani rukuni na makaɗan rok da ake kira masu zaman kansu, wato waɗanda ƙananan kamfanoni ke buga musu faifai. Daga cikinsu akwai ƙungiyar Neutral Milk Hotel, wadda Jeff Mangum ya jagoranta. Faifansu na farko ya fito a 1996. Na biyu kuwa, mai suna In the Aeroplane Over the Sea, kamfanin Merge ne ya fitar da shi a watan Fabrairun 1998.

Duk wanda ya saurare shi zai ji muryar Mangum tana tashi har ta kusa karyewa, ga jita, ga ƙahonni, har da zarto da ake gogawa tamkar goge. Wasu waƙoƙin sun samo tushe daga littafin Anne Frank, yarinyar nan Bayahudiya da ta rasu a sansanin 'yan Nazi na Bergen-Belsen a 1945.

Da faifan ya fito, bakin masu sharhi bai zo ɗaya ba. Mujallar Rolling Stone ta ba shi tauraro 3 cikin 5, Pitchfork kuma maki 8.7 cikin 10. Ba a jima ba Mangum ya janye jiki daga idon jama'a, ƙungiyar ba ta sake yin wani faifai ba. Da aka sake buga shi a 2005, sai ga Pitchfork ta ba shi 10 cif.

To, me ya sauya a shekaru bakwai? Waƙoƙin dai su ne. A tawa fahimtar, kunnuwa ne suka saba, sannan shirun mawaƙin ya ƙara wa aikin kwarjini. Ina ganin faifan ya cancanci yabo, domin ya sa matasa da dama sun ji zafin tarihin da suka sani a takarda kawai. Amma yana da rauni: a wasu wurare mafarkin mawaƙin ya rufe yarinyar kanta, har mai sauraro ya fi jin kukansa fiye da labarinta.

Don haka nake jan hankalin malamai: sharhin farko shaida ce ta zamaninsa, haka ma na baya. A sa ɗalibi ya saurari aiki da kunnensa tukuna, kafin a gaya masa makin da aka ba shi.