Amon Sifirin da Jitar Sahara: Nazari daga Bakin Iyakar Jibiya

Mutumin da ya kawo amon sifirin cikin kiɗa ba makaɗin jita ba ne, kuma filin biki bai taɓa zo masa a rai ba. Laurens Hammond, Ba'amurken da ya ƙera ogan mai aiki da lantarki a shekarun 1930, matsala ce ta tsaya masa. Mutane sun saba jin ogan a manyan majami'u masu dogon rufi, inda sauti ke dukan bango ya dawo, ya jima yana shawagi kafin ya mutu. Da aka shigar da na'urarsa falon gida mai labule da darduma, sai muryarta ta bushe ƙayau. Dabarar da ya nemi rajistarta a 1939 ita ce a bi da sautin ta cikin sifirin na ƙarfe, a yaudari kunne ya zaci akwai babban ɗaki alhali babu. Wajen 1960 injiniyoyin kamfanin suka ƙanƙance abin har ya shiga wani siririn akwatin kwano. Leo Fender ya karɓa, ya fitar da akwatinsa mai lamba 6G15 a 1961, sannan a 1963 ya saka shi a cikin amfilifayar Vibroverb. Samarin bakin tekun Kalifoniya suka yi caa a kansa. Wanda ya fi shahara a cikinsu, Dick Dale, ɗan asalin Lebanon ne ta wajen uba, kuma kiɗan da ya ɗaukaka shi a 1962, Misirlou, tsohon take ne na gabashin Bahar Rum. Da yawa daga fedojin amon sifirin da ake sayarwa yau, wato ƙananan na'urorin da makaɗi ke takawa da ƙafa, wannan sautin na 1961 suke kwaikwayo.

A nan gida kuwa, Bugaje, a ƙaramar hukumar Jibiya, ba garin jita ba ne. Abin da ƙasar ta gada shi ne kalangu da gangar noma da garaya da goge. Amma Jibiya ƙofa ce. Daga Magama mutum ya tsallaka Ɗan Isa, daga nan sai Maraɗi, garin da sarakunan Haɓen Katsina suka kafa mulki bayan jihadi ya ƙwace musu birni a 1807, wanda har yau sarkinsa Sarkin Katsina ake ce masa. Dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, auratayya ɗaya. An rufe iyakar a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake garƙame ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai. Duk wannan kan buhun shinkafa da jarkar fetur ya faɗa. Kiɗan da ke cikin katin waya bai taɓa tsayawa a shingen kwastan ba. Saurayin Bugaje da ya ji jita ta shiga ransa, da wuya a ce ta Landan ce ko ta Legas. Ta Agadas ce da Tawa, wadda ta gangaro ta hannun direbobi, da 'yan ci-rani, da Abzinawa masu gadi da sayar da shayi.

Wannan jitar tana da tarihinta. A ƙarshen shekarun 1970 samarin Abzinawa da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya suka fara ta, Ibrahim Ag Alhabib da ƙungiyar Tinariwen a gaba. A Nijar, Abdallah ag Oumbadougou ne ya zama uban tafiyar, har kaset ɗinsa ya zama abin ɓoyewa a lokacin tawayen shekarun 1990. Da aka yi sulhu sai jita ta bar sansani ta koma gidan biki, kuma a nan ta sake hali: ta ƙara sauri, ta sami gangunan bature a bayanta, ta zama abin rawa. Etran de L'Aïr, da suka fara a 1995, makaɗan bikin Agadas ne tsantsa. Bombino ya fito daga wannan makaranta kafin ya je Nashville ya ɗauki faifan Nomad, wanda ya fito a 2013. Mdou Moctar kuwa, wanda ya fara koyo a kan jitar da ya harhaɗa da wayar birkin keke, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar kwamfuta da mawaƙan finafinan Hausa suka yayata. Ta wayoyin hannu waƙoƙin suka bazu har suka kai kunnen Christopher Kirkley na Sahel Sounds. Ke nan mu'amalar ba ta ɓangare ɗaya ba ce: Sahara ta ba mu jita, mu kuma mun ba ta situdiyo.

A nan ne batun zaɓen feda yake samun ma'ana. Wannan kiɗa a fili aka haife shi, a kan rairayi, inda babu bangon da zai mayar da sauti. Makaɗin da ya tashi a irin wannan wuri da yatsunsa yake cike gurbin. Yakan bar tsirkiya ɗaya a sake tana gunji ba ƙaƙƙautawa, babban yatsa na dukanta, sauran yatsun kuma suna ta gudu a sama, suna danna tsirkiya su fizge ta, amo na bin amo ba rata. Duk wanda ya san molo ko gurmi ya san wannan hannun. Sannan ga tafi, ga ganga, ga guɗa. Wato babu wani sararin da ya rage wanda za a zuba dogon amo a ciki. Kiɗan bakin tekun Kalifoniya yana son amo mai yawa ne saboda makaɗin yakan danne tsirkiya da gefen tafin hannu, ya fitar da sauti gajere-gajere, sifirin kuma ya jiƙa kowanne. Idan aka ɗora irin wannan nauyi a kan hannun Agadas, yatsun za su dame, kwalliyar da ita ce ainihin gwanintar ta ɓace. A ganina yawancin wanda ya sayi feda don ya yi kama da Bombino, abin da yake ji a faifan ba amo ba ne, tsabtar hannu ce da amfilifaya da aka ƙure wa murya.

Ba ina cewa amon ba shi da amfani ba. Jita busasshiya a fili da dare takan yi kaifi har ta soki kunne, musamman irin Stratocaster ta cikin ƙaramar amfilifaya. Ɗan amo kaɗan yana tausasa bakin sautin, ya haɗa shi da muryar mawaƙi. Misalinsa misalin man shanu ne a tuwo: a ji shi, kada a gan shi yana iyo. Kuma idan aka koma waƙoƙin kewa masu tafiyar hawainiya, irin waɗanda Abzinawa ke kira asuf, nan kam wutsiyar sauti tana da wurin zama, domin tsakanin wannan bugu da wancan akwai numfashi.

Yadda abin ke aiki ba wuya. A cikin akwatin akwai sifirin biyu ko uku a miƙe. A wannan ƙarshen wani ƙaramin maganaɗisu yana karɓar sautin jita ya murɗa sifirin da shi. Murɗawar ta bi ƙarfen har ɗaya ƙarshen, inda wani maganaɗisun ke mayar da ita lantarki. Ba duka take fita ba, saura takan juyo baya ta sake komawa, tana kai da kawowa har ƙarfinta ya ƙare. Kowane sifirin da nasa jinkirin, shi ya sa amsoshin ke cakuɗewa maimakon a ji su ɗaya-ɗaya. Sannan ƙarfe ba ya tafiyar da siririn sauti da kakkaura da sauri ɗaya, don haka kowane bugu yakan fito da wani ɗan ɗigo a bakinsa. Wannan ɗigon shi ne abin da masu son sifirin ke biyan kuɗi a kansa, kuma shi ne ya bambanta shi da amon ɗaki na gaskiya. Dogon akwati yakan kai santimita 43, gajere wajen 23, kuma dogon ya fi cika da laushi.

Fedojin da ke kasuwa iri biyu ne, sai wani na tsakiya. Akwai masu sifirin na gaske a ciki, kamar SurfyBear ta kamfanin Surfy Industries. Akwai masu kwaikwayo da lissafin kwamfuta, kamar Boss FRV-1 da ta fito a 2009 tana bin sawun akwatin Fender, da Holy Grail ta Electro-Harmonix, da Flint ta Strymon, da Topanga ta Catalinbread. Na tsakiyar su ne masu arha da aka gina a kan wani ɗan dunƙulen kamfanin Belton na Koriya, wanda ainihinsa gajerun eko ne aka jera. Suna ba da amo, amma ɗigon nan ba ya fita sosai.

Makaɗan Turai da Amurka sukan ce na gasken ba shi da na biyu, kuma a cikin situdiyo ba zan yi musu gardama ba. Amma sifirin ba ya son girgiza. An rataye shi ne a kan wasu ƙananan sifirin huɗu, ko ɗan shuri aka yi masa sai ya yi tsawa. A Jamaika King Tubby ya mayar da wannan aibi ado, yana dukan akwatin da gangan a faifansa na dub, kuma Danelectro ta yi wata feda, Spring King, mai wurin shuri musamman don haka. Ado ne idan kai ka so. Idan kuwa a kan benci ka ɗora shi kusa da mai ganga, ko a ƙasan da 'yan rawa ke tattakawa, tsawar za ta riƙa zuwa ba da izininka ba. Siraran wayoyin da ke bakin maganaɗisun ma sukan tsinke idan aka sha kai su a bayan babur kan hanya mai gargada. Ga kuma gurnani: maganaɗisun fitarwa yana ɗaukar ƙugin duk wata taransifoma da ke kusa, janareto kuwa ba ya ba da wuta mai tsabta. Ga mai kiɗan biki a ƙasar Jibiya ko Maraɗi, ƙaramar feda mai kwaikwayo, mai jikin ƙarfe a rufe ruf saboda ƙurar hunturu, ita ta fi dacewa. A cikin hayaniyar fili babu kunnen da zai bambanta ta da ta gasken.

Sai dai akwai wata hujja da ke jan igiyar zuwa ɗaya ɓangaren, kuma ba ƙarama ba ce. Akwatin sifirin na gaske abu ne da mai gyaran rediyo a Katsina ko Maraɗi zai buɗe ya gane: waya ce, da maganaɗisu, da 'yan taransisto. Ya liƙa dalma, ya miƙo maka. Feda mai kwamfuta kuwa idan ƙwaƙwalwarta ta ƙone, ta tafi ke nan. Abin da ya fi kashe ta kuma ba tsufa ba ne, adafta ce. Yawancin waɗannan fedoji bolt 9 suke ci, kuma a bakin wayarsu layin negatif ne a tsakiya, akasin adaftocin da suka cika shagunan kayan wuta. Masu kwaikwayon suna da cin wuta, batir ba ya jimawa a cikinsu, wasu ma ba su da wurin batir sam. Kayan da aka yi don Amurka kuma wutar bolt 120 suke nema, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce a ɓangarorin iyakar biyu. Wanda zai sayi feda ta hannu a Sabon Garin Kano ko a aiko masa daga Alaba, ya fara tambayar adaftarta kafin ya tambayi sautinta.

Kafin ma a kai ga saye, a duba bayan amfilifaya. Da yawa suna da sifirin a cikinsu tun daga kamfani. Roland JC-120, wadda ta fito a 1975 kuma ake yawan ganinta a bayan makaɗan Sahara a dandamali, tana da nata. Mai irin wannan ba feda yake buƙata ba, maɓalli ne kawai zai murɗa.

Idan an saya, maɓallai uku ne abin lura, waɗanda a akwatin Fender aka rubuta musu Dwell da Mixer da Tone. Na farko yana ƙayyade ƙarfin da ake dukan sifirin da shi, na biyu yawan jiƙaƙƙen sautin da za a gauraya da busasshe, na uku kuma kaifinsa. Feda mai maɓalli ɗaya tilo ba ta barin ka raba tsayin amo da yawansa, kuma wannan rabewar ita ce duk abin da hannun Agadas ke nema: amo gajere, kaɗan, mai ɗan duhu don kada ya yi kishi da siraran tsirkiyoyi. A jerin fedoji ita ce ta ƙarshe, bayan mai ƙazanta sauti. Idan aka sa ta a gaba, wutsiyar ma za ta ƙazantu, komai ya zama ƙugi.

Akwai wata ɗabi'a tamu da ta fi ingancin kowace feda tasiri. Mun ƙaunaci eko. A majalisi, a wajen kamu, a motar talla, har a wajen shelar siyasa, mai kula da na'ura yakan ƙure shi har kalma ta maimaita kanta sau huɗu kafin ta biyu ta fito. Eko daban, amon sifirin daban: shi eko maimaici ne da ake iya ƙirgawa, amo kuwa hazo ne a bayan sauti. Amma hannun da ya saba ƙure wancan zai ƙure wannan. Kuma idan jita da makirfon mawaƙi duka suka bi ta mikisa ɗaya mai nata eko, an jiƙa jitar sau biyu ke nan. Hausa harshe ne mai karin sauti, mai dogon wasali da gajere, kuma waƙarmu magana ce kafin ta zama komai. Shata da kalangu busasshe ya cika filaye, kowa na tsintar zancensa har daga bayan taro. Makaɗin jitar da zai raka mawaƙin Hausa, kafin a fara sai ya je wajen mai mikisa su daidaita: layin jita a kashe masa eko gaba ɗaya, amon ya fito daga feda kaɗai, inda ƙafarsa za ta iya kashe shi da zarar an shiga kiɗan rawa.