Jinjina ga Malaman Adabi na Ƙetaren Kogi

A Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha, aji guda kan haɗa ɗan Bajju da ɗan Gbagyi da Bahaushe, ga waya tana ɗauke hankalin kowa. Malamin adabi ke shan fama wajen zaɓo littafin da zai riƙe su. Wani ba ya wuce The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, na 1960, don faɗan cikin jirgin ƙasa kan sa 'yan bayan aji su yi tsit. Wata malama kuwa sai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ko don shaƙiyancin Malam Zurƙe. Kwafi ɗaya, bangonsa liƙe da salatif, yara biyar sun sunkuya a kansa.

Sannunku da ƙoƙari, malamai. Iyaye, a taimaka da kuɗin littafi.