Tambarin tsufa a ƙamusoshin Italiyanci: sharhi a kan kalmomin iyaka da ƙarshe

Gabatarwa

Tun daga ƙamus ɗin cibiyar Crusca, wanda aka buga a Benis a 1612, masu ƙamus na Italiya suke yi wa wasu kalmomi tambarin tsufa. Crusca tana rubuta V.A., wato *voce antica*, «tsohuwar kalma». Ƙamus ɗin Tommaseo da Bellini (1861-1879) kuwa alamar gicciye yake sawa. A ganinmu, irin wannan tambari yana zuba kalmomin da makomarsu ta sha bamban cikin kwando guda. Za mu gwada haka da kalmomi huɗu masu nuna iyaka ko ƙarshe.

Misalai

1. *Sezzaio*, «na ƙarshe», da *da sezzo*, «daga ƙarshe». Tushensu *setius* na Latin, kuma ana samun su a *Commedia* ta Dante (ya rasu a 1321). *Ultimo* ta ture su baki ɗaya. A nan kaɗai tambarin ya faɗi gaskiya duka.

2. *Stremo* ita ce *estremo* da wasalin farko ya faɗi. Ta daina yawo ita kaɗai a matsayin sifa, amma tana raye daskare cikin *allo stremo*, abin da ake faɗa wa wanda ƙarfinsa ya ƙare.

3. *Vivagno* ta fi sauran ban sha'awa. Ma'anarta ta asali bakin saƙa, wato gefen da ke hana zare warwarewa. Dante ya ɗauke ta daga hannun masaƙa ya kira gefen shafin littafi da ita. Ma'anar aro ta kwanta, ta sana'a ta tsaya tare da *cimosa*. A Faransanci *lisière* ta bi hanya irin wannan, daga bakin ƙyalle zuwa bakin daji, sai dai ita ta riƙe ma'anonin biyu.

4. *Deretano*, «na baya, na ƙarshe», daga *de retro*. Tushensu ɗaya da *dernier*. A Italiyancin yau suna ce mai nufin ɗuwawu. Kalmar tana nan, tsohuwar ma'anar ce ta tafi, kuma ɗalibin da bai san haka ba zai fassara tsohon matani a karkace.

Sharhi

Ƙamus ɗin Tullio De Mauro (1999) ya kawo gyara, don ya raba kalmar da aka daina amfani da ita, da ta adabi, da ta sana'a. Mun yaba da wannan. Amma alamominsa suna faɗin inda kalma take ne, ba su faɗin hanyar da ta bi. Ga masanin ma'ana kuwa hanyar ita ce abin nema: misali na 3 da na 4 sun nuna cewa sunan iyaka yana da alaƙa da ƙyalle da kuma bayan jiki, kamar yadda *baki* da *gindi* suke yi a Hausa cikin *bakin kogi* da *gindin dutse*.

Kammalawa

Shawararmu ga masu aikin ƙamus, har da na Hausa, ita ce a riƙa sa tambari a kan ma'ana ɗaya-ɗaya, tare da bayyana masu amfani da ita. Kafin a ce kalma ta mutu saboda ƴan birni sun bar ta, a tambayi masaƙa tukuna.