Kunnen Mai Kiɗan Sitidiyo

Waƙar da ke tashi daga Adaidaita Sahu a Na'ibawa da sassafe, lokacin da ma'aikata ke haramar tafiya Sharaɗa da Challawa da Bompai, sunan mawaƙi kaɗai ake kira a kanta. Amma ganga da sarewa da goge da kalangun da ke ƙarƙashin muryar, sau da yawa mutum ɗaya ne ya kaɗa su duka, a ɗaki ƙarami, da fiyano da kwamfuta. Ina ganin an daɗe ana tauye wa wannan mutum haƙƙinsa na yabo.

Sana'ar ta kafu a Kano cikin shekarun 1990, sa'ad da kamfanonin fim irin su Iyan-Tama suka rungumi fiyanon Yamaha. Waƙar fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ta nuna wa kowa cewa na'urar Japan za ta iya kiɗan da kunnen Bahaushe zai karɓa. Yau manhajoji kamar FL Studio da Cubase sun shigo sitidiyoyin titin Gidan Zoo, amma asalin gwanintar bai sauya ba.

Sabon mawaƙi yakan zo ne da baitoci a takarda da kari a baka, shi ke nan. Babu rubutaccen kiɗa. Sai ya rera amshi, mai kiɗa ya sunkuya yana lalube a kan fiyano har ya gano inda muryar ta zauna, ba ta shaƙe a sama ba, ba ta nutse a ƙasa ba. Daga nan ya ɗora ganga, ya auna saurinta da numfashin mawaƙin. Sauran kayan kiɗa su biyo ɗaya bayan ɗaya, kamar magini yana jera bulo.

Wuri mafi wuya shi ne inda kiɗa ke haɗuwa da magana. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma makaɗan kalangun Shata sun san haka, shi ya sa suke matse tsarkiya su sassauta, ganga ta bi bakin mawaƙi. Na'ura ba ta san wannan ba. A miƙe take tafiya, ba ta jiran kowa. Gwani ne ke lanƙwasa ta. Zai ja sautin sarewa ya ɗan karkata, ya bar gurbi a ƙarshen baiti domin 'yan amshi su shigo, ya hana Auto-Tune goge ɗan rawar muryar da ke sa waƙar soyayya ta taɓa zuciya. Wanda bai iya ba, sai ka ji murya ta koma ta ƙarfe.

Sannan gwanin ya san inda waƙar za ta je. Ba a babban zaure za a fara jin ta ba, a ƙaramar sifikar waya ce, daga memorin da 'yan dawunlodin suka cika, ko cikin hayaniyar kasuwar 'Yan Lemo da ƙarar injinan 'Yan Katako. Don haka yakan tura murya gaba, ya rage ƙugin ganga, ya saurara a wayarsa kafin ya sallami aiki. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta mamaye gidaje a 2020 lokacin kullen korona, ta wayoyi mata suka yi ta taka rawarta, kuma kiɗan ya fito tas.